RSV: murar jikoki da ke kwantar da kakanni a asibiti

Damina biyu da suka wuce aka kira ni daga gidanmu na GRA a Bauchi, ina Agege, aka ce Baba na fama da mura. Na ce a ba shi shayi da citta, sai da safe. Bayan kwana huɗu yana kwance a asibiti da robar oksijin a hanci. A bakin likitan da ya duba shi na fara jin sunan RSV, kuma ya ce alamu sun nuna daga jikarsa mai wata bakwai ya ɗauka.

RSV ƙwayar cutar bairos ce mai kama hanyoyin numfashi. An gano ta a 1956 a jikin birai, a shekarar da ta biyo baya Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai a Amurka. Kusan kowane yaro kan kamu da ita kafin ya cika shekara biyu, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarta ciwon yara. Amma kamuwa sau ɗaya ba ta hana a sake kamuwa, kuma idan garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa, sai cutar ta gangara huhu.

Tana yaɗuwa ta tari, atishawa da taɓa abin da mai ita ya taɓa. Alamu kan bayyana bayan kwana 4 zuwa 6: yoyon hanci, tari, kasala. Tsoho na iya kamuwa ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa, su ce ai jikinsa ba zafi. A ƙasashe masu zafi irin tamu ta fi yawa da damina.

Game da tsananinta, hukumar CDC ta Amurka ta fitar da wani bincike a Oktoban 2023 kan mutum 5,784 masu shekara 60 zuwa sama da aka kwantar a asibiti. Cikinsu 304 ne kawai ke da RSV, sauran korona ko mura mai tsanani ta infuluwenza. To amma waɗannan 'yan kaɗan ɗin sun fi sauran buƙatar oksijin, sun fi shiga sashen kulawa ta musamman. Wajen kaiwa ga na'urar numfashi ko rasa rai, sun zarce masu infuluwenza, sun yi kusan daidai da masu korona. Haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon zuciya, asma, daɗaɗɗen ciwon huhu, ciwon suga ko na ƙoda. Baba yana da biyu daga ciki.

Babu wani magani da ake bai wa kowa ya kashe ta kai tsaye. Oksijin ne, ƙarin ruwa, da kula da tsohon ciwon da ta tayar. Antibayotik ɗin da muke saye a kemis ba ya taɓa bairos, sai dai in likita ya ga wata cutar ta hau kai. Rigakafi kuwa ya samu: Amurka ta amince da Arexvy da Abrysvo a Mayun 2023, Ingila ta fara yi wa masu shekara 75 zuwa 79 a Satumban 2024.

Mu da ke kudu, ta waya muke jinyar iyaye, kuma tsofaffinmu ba su san wata amsa ba sai "da sauƙi, alhamdulillahi". Ni yanzu ba na tsayawa nan. Ina sauraron ko yana iya ƙarasa magana ba tare da haki ba, in tambayi ƙanwata ko yana ci, ko yana ruɗewa, ko ƙirjinsa na ƙara. Na kuma aika musu 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin. Idan ta nuna ƙasa da 92, ko numfashi ya yi wuya ko da lambar ta yi kyau, na ce kada a jira ni, a wuce asibitin koyarwa na ATBU ko mafi kusa. Jikar kuma, in tana mura, ba a ɗora masa ita a cinya sai ta warke, ko da zai yi fushi.