Habaicin siyasa a adabin zamanin mulkin mallaka

Habaicin siyasa salo ne na sukar masu mulki a fakaice, ta bakin dabbobi, ko wata ƙasa mai nisa, ko raha. A ƙasar Filifin, ƙarƙashin Sifaniyawa, Francisco Balagtas ya kai labarin Florante at Laura (1838) can Albaniya, amma masu karatu da yawa sun ga zaluncin gida a cikinsa.

A Kano, bayan Turawan Ingila sun ci garin a 1903, mai suka yana fuskantar iko biyu: Bature da En'e, wato hukumar sarki. A lokacin, alƙalin sarki na iya ɗaure mutum kan cin mutuncin sarauta, don haka aka fake da gugar zana. Malam Aminu Kano (1920–1983) ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana zolayar macuta a kasuwa da fada. Dariyar 'yan kallo ce garkuwarsa. Sa'adu Zungur, marubucin waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya fi shi fitowa fili. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, waƙoƙinta suka rage ɓoye-ɓoye, ɗauri kuma ya yawaita.