Jinyar damuwa ta hanyar halarto da hankali: hanyoyi huɗu da bambancinsu

Halarto da hankali shi ne mutum ya lura da numfashinsa da jikinsa da tunanin da ke bijiro masa, ba tare da ya kore shi ko ya bi shi ba. Atisayen ya samo asali daga al'adar mabiya Buda, amma masana sun raba shi da ibada, suka shigar da shi cikin jinya. Hanyoyi huɗu ne suka fi shahara, kuma kowace da larurar da aka tsara ta dominta.

MBSR ce ta farko. Jon Kabat-Zinn ya fara ta a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, domin masu ciwo mai daɗewa da waɗanda matsin rayuwa ya yi wa yawa. Ana yin ta a rukuni tsawon mako 8.

MBCT, wadda Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka tsara, ita ma mako 8 ce, sai dai manufarta hana tsananin damuwa dawowa ga wanda ya sha fama da ita. A wani gwaji da mujallar Lancet ta wallafa a 2015 kan mutum 424 a Ingila, ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin 100 na masu MBCT cikin shekara biyu, da kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan magani. Ke nan ba ta fi maganin ba.

DBT ta Marsha Linehan an yi ta ne domin masu raunata kansu ko yunƙurin kashe kansu, kuma takan kai shekara guda. ACT ta Steven Hayes kuwa tana koya wa mutum haƙuri da tunani mai ɗaci, tare da ci gaba da aikata abin da yake da daraja a wurinsa.

Ga ɗaliban Jami'ar Aliko Ɗangote da na Kwalejin 'Yan Sanda a Wudil, bidiyon atisayen yana samuwa a waya, amma waya ba ta tantance ciwo. Wanda ke jin muryoyi ko tunanin halaka kansa, likita yake buƙata, kuma kada mai shan magani ya daina sai da shawararsa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi kan jinyar da za a yi masa.