Isnadin da Aka Yanke: Yadda Aka Gano Siffar DNA

A ranar 25 ga Afrilu, 1953, mujallar Nature ta Ingila ta fito da wata 'yar gajeriyar maƙala ta James Watson, Ba'amurke ɗan shekara 25, da Francis Crick, mutumin Ingila, waɗanda ke aiki a ɗakin binciken Cavendish na Jami'ar Kambirij, inda suka bayyana cewa DNA, wato sinadarin da Allah ya ɗora wa amanar gado daga iyaye zuwa 'ya'ya, siffarsa irin ta igiya ce mai tufka biyu, kuma haruffa huɗu ne ke riƙe tufkar biyu-biyu, A da T, G da C, ta yadda idan an warware ta kowane sili zai zama allon da za a kwafi ɗan'uwansa. Wannan fahimta tasu ce, babu mai ja. Inda aka yi saɓani shi ne a hannun wa suka karɓi hujjojin da suka yi gini a kansu.

Su biyun ba su yi gwajin kansu a kan DNA ba. Aikinsu harhaɗa misali ne da ƙarafa da kwali. Mai gwajin tana Landan, a King's College, wato Rosalind Franklin, wadda ta zo daga Faransa a 1951 da ƙwarewa wajen haska eksire a kan abu don gane yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Ita ce ta tantance cewa DNA na da hali biyu, busasshe da jiƙaƙƙe, ita ce kuma a ƙarshen 1951 ta dubi misalinsu na farko mai tufka uku, ta nuna musu cewa sun sa bayan abin a ciki, sun kuma yi kuskuren lissafin ruwa, har shugabansu ya umarce su da su dakata.

A watan Mayu na 1952 almajirinta Raymond Gosling ya ɗauki hoton da ake kira Hoto na 51, baƙaƙen ɗigo jere cikin siffar harafin X, wanda duk mai idon sana'ar ya gani zai ce abin murɗaɗɗe ne. A ƙarshen Janairun 1953 abokin aikinta Maurice Wilkins, wanda dama ba sa ga-maciji da ita, ya nuna wa Watson hoton ba da saninta ba. Ba a jima ba abokin aikin Crick, Max Perutz, ya miƙa masa rahoton wani kwamiti mai ɗauke da ma'auninta, daga nan ne Crick ya gane cewa silin biyu kai da ƙafa suke, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Rahoton ba na sirri ba ne, saboda haka kiran abin sata akwai wuce haddi.

Sunan da ya fi dacewa, a ganina, shi ne wanda malaman hadisi ke kira tadlisi, wato mutum ya ruwaito gaskiya amma ya lulluɓe wanda ya ji daga bakinsa, domin abin da suka rubuta game da ita a ƙarshen maƙalar bai wuce cewa suna da masaniya a dunƙule game da sakamakon Wilkins da Franklin ba, sa'an nan aka jera tata maƙalar ta uku a fitowar, har mai karatu ya ɗauka shaida ce ta zo daga baya tana gaskata su. Haka nan Erwin Chargaff, wanda ya auna daidaiton A da T, da Jerry Donohue, wanda ya gyara wa Watson siffar haruffan, suna cikin silsilar.

Franklin ta rasu a Afrilun 1958 da ciwon daji, tana da shekara 37. Da aka ba Crick da Watson da Wilkins lambar Nobel a 1962, wadda ba a raba ta ga fiye da mutum uku, Wilkins kaɗai ya ambace ta a laccarsa. Rubutun da ke kan kabarinta a maƙabartar Yahudawa ta Willesden kuwa, aikinta na ƙwayoyin cuta ya ambata.