Jami'ar Ahmadu Bello: Binciken da aka gudanar a Zariya

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ranar 4 ga watan Oktoban 1962, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne uban jami'ar na farko.

Jama'a sun fi sanin ta da yaye ɗalibai, to amma tun farko an ɗora mata wani nauyin na daban, wato gudanar da bincike a kan matsalolin arewacin Najeriya. Mafi yawan ayyukan da suka fito da sunanta a duniya sun samo asali ne daga gonaki da asibitoci da kuma tsofaffin rubuce-rubucen yankin.

Aikin gona

Binciken aikin gona a Samaru ya girmi jami'ar kanta, domin tun a shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar gwaji a wurin. A 1962 aka mayar da ita ƙarƙashin jami'ar da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona.

Cibiyar ce ke da alhakin inganta irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga a Najeriya. Shi ya sa sunayen irin da take fitarwa ke farawa da SAM, wato Samaru, kamar SAMMAZ na masara da SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake.

A 1975 wata annoba da ke tsumburar da gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta dubu 700 na gonakin gyaɗa a arewacin ƙasar. Wannan ya sa masanan Samaru, tare da takwarorinsu na cibiyar ICRISAT, suka duƙufa wajen samar da irin da ke jure wa cutar, kuma a 2001 aka fitar da SAMNUT 21 da 22 da 23.

A ƙarshen 2019 hukumomi sun amince da SAMPEA 20-T, wani wake da aka sauya wa ƙwayoyin halitta domin ya kare kansa daga tsutsar da ke cinye furen wake da kwansonsa. Shi ne amfanin gona na abinci na farko irin wannan da aka sakar wa manoma a Najeriya. An bi bayansa da masarar TELA a farkon 2024.

Masu goyon baya na cewa irin yana rage yawan feshin magani da manomi ke yi, yayin da wasu ƙungiyoyin kare muhalli ke adawa da shi, suna masu cewa ana bukatar ƙarin bincike.

A Shika kuwa, cibiyar binciken dabbobi ta jami'ar ce ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, wadda ta dace da yanayin zafi.

Tattalin arzikin karkara

Wani binciken da ya yi tasiri har a wajen Afirka shi ne na David Norman, masanin tattalin arzikin noma da ya yi aiki a Samaru daga tsakiyar shekarun 1960.

A wancan lokacin jami'an gona na ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona guda a matsayin ci baya, suna kira ga manoma da su riƙa shuka abu ɗaya.

Norman da abokan aikinsa sun bi diddigin ayyukan magidanta a wasu ƙauyuka na kewayen Zariya, suka gano cewa haɗa amfanin yana rage haɗarin tashi a tutar babu idan damina ta yi gardama, kuma ya fi biyan manomi wahalarsa a lokacin noma, sa'ad da hannun aiki ke ƙaranci.

Wannan aiki na daga cikin waɗanda suka sa cibiyoyin bincike na duniya suka fara nazarin yadda ƙaramin manomi ke tafiyar da gonarsa kafin su ba shi shawara.

Kiwon lafiya

A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na jami'ar, ciki har da Farfesa Eldryd Parry, sun yi nazari a kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata masu jego a ƙasar Zazzau. Sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashinsa, musamman a lokacin zafi.

Shi kuma Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979. Sakamakon, wanda aka wallafa a 1985, ya nuna cewa mace-mace sun fi yawa a tsakanin matan da ba su je awon ciki ba, kuma ilimin mace na da alaƙa ta ƙut-da-ƙut da tsirar ta da ta jaririnta.

Farfesa Andrew Nok, wanda ya rasu a 2017, ya lashe kyautar kimiyya ta Najeriya a 2009 saboda bincikensa a kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai haddasa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu.

Makamashin nukiliya

A 2004 aka ƙaddamar da na'urar binciken nukiliya ta farko a Najeriya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30 kacal, saboda haka ba ta samar da wutar lantarki.

Ana amfani da ita ne wajen gano sinadaran da ke cikin ma'adinai da ƙasar noma da abinci, da kuma horar da ɗalibai. A 2018 aka maye gurbin makamashinta da yuraniyom wanda ba a tace shi sosai ba, wanda ba za a iya ƙera makami da shi ba.

Tarihi da siyasa

Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ne ya aza harsashin sashen tarihi, kuma a 1970 ya kafa cibiyar Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna. Shi da ɗalibansa sun dage a kan cewa dole a rubuta tarihin yankin daga rubuce-rubucen Larabci da ajami da bayanan dattawa, maimakon dogaro da rahotannin Turawan mulki kaɗai.

Daga cikin ɗaliban akwai Dakta Yusufu Bala Usman, wanda aka buga littafinsa na tarihin Katsina a 1981, da Dakta Mahmud Modibbo Tukur, wanda ya yi nazarin yadda Ingila ta ci arewacin Najeriya da yaƙi.

Ra'ayoyin wasu malaman sun sha haɗa su da gwamnatocin soja. A 1988 an kori Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan asalin Jamaika, daga ƙasar.

Matsaloli

Taɓarɓarewar tattalin arziki da faɗuwar darajar naira daga 1986 sun sa sayen littattafai da kayan gwaji daga waje ya yi wuya, kuma ƙwararru da dama sun bar ƙasar.

Asusun TETFund, wanda aka kafa dokarsa a 2011, na ba da tallafin bincike, amma ayyuka da dama sun dogara ne da kuɗin masu ba da taimako na ƙetare. Yajin aikin malaman jami'o'i, kamar na watanni 8 da aka yi a 2022, shi ma yana katse ayyukan ɗaliban manyan digiri.

Akwai kuma batun isar da sakamako ga jama'a. Cibiyar wayar da kan manoma ta jami'ar na shirya bayanai da Hausa, sai dai ƙarancin malaman gona a jihohi ya sa manoma da yawa har yanzu suna shuka irin da suka ajiye daga girbin bara.