Kiɗa Ma Yana Da Karin Harshe

A ganina, yadda magana take sauya kari daga gari zuwa gari, haka kiɗa yake yi. Mu ɗauki kiɗan gita mai amo da ake kira progressive metal. A Amurka ya tsiro. Ƙungiyar Dream Theater, wadda ɗaliban kwalejin kiɗa ta Berklee suka kafa a 1985, ta fifita gwanintar hannu da zaƙin murya. A Suwidin kuwa, Opeth, wadda aka kafa a 1990, ta cuɗa gurnani da lallausan kiɗa. Daga baya Myrath ta Tunisiya ta shigo da karin waƙar Larabawa. Don haka, 'yan'uwa manazarta, wanda ya auna su duka da mudun Amurka ya ƙware su.