WA KE BIYAN KUƊIN ALLURAR RIGAKAFI?

Maganarmu ta yau da mutanen Kadawa mu ke yinta, da na Kura da Bunkure da Garun Malam, da duk wanda ya zo ɗakin shan magani da yaro a goye.

Kowane manomin rani a nan ya san ruwan da ke shiga gonar tumatirinsa ya sha tafiya. Daga madatsar Tiga ya ke tasowa, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babbar hanyar ruwa, ya rarrabu cikin ƙanana, kana ya iso. In an toshe shi can sama, na ƙasa shi ke fara ji. To, allurar rigakafi ma haka ta ke. Uwa ba ta ba da ko kwabo ba, amma lalle wani ya biya, kuma ya kamata ku san ko wane ne.

Mu fara da agana. Yaran yanzu ba su san ta ba, sai dai in sun ga tsoho mai zanzana a fuska. Cuta ce wadda a cikin mutum goma da ta kama sosai ta kan kashe wajen uku, waɗanda suka tsira kuwa wasu su makance. Tun zamanin En'e ana yin lamba, har ma a nan ƙasar a ke haɗa maganin, a Yaba ta Ikko. Amma lambar ba ta kai ko'ina ba, agana kuwa ta yi ta komowa da rani.

A 1958 ƙasar Rasha ta kawo shawara gaban Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a haɗu a kashe agana ɗungum. Aka yarda da baki, amma kuɗi bai fito ba, sai abin ya yi ta jan ƙafa. Sai a 1967 aka tashi haiƙan. Amurka ta ɗauki nauyin ƙasashe ashirin na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar. Ta kawo motoci da magani da wata bindigar allura wadda a ke takawa da ƙafa, ana yi wa ɗaruruwan mutane cikin sa'a guda. Dagatai da masu unguwanni suka yi ta tara jama'a a kasuwa da ƙofar fada. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1977 na ƙarshe a Somaliya, ran 8 ga Mayu 1980 kuwa aka yi shela ta ƙare a duniya.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Aikin duka ya ci wajen dala miliyan 300, amma gudummawar waje ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran, ƙasashen da ke fama da cutar su suka biya, watau albashin ma'aikata da man mota da sauransu, daga harajin talakawansu.

Waɗannan motoci ba agana kaɗai suka zo yaƙa ba, har da ƙyanda. Ƙyanda ta ja da baya ƙwarai. Amma da wa'adin taimakon ya cika, motoci suka tsufa, magani ya yanke, sai ta komo. Dalili kuwa a fili ya ke. Agana an kashe ta har iri, babu inda za ta fito. Ƙyanda tana nan, kowace shekara kuma ana haihuwar sababbin yara waɗanda ba a yi musu allura ba. Aikin da ba ya ƙarewa ba a jingina shi ga kuɗin da ke da ranar ƙarewa.

Ba mu ɗauki darasin nan da wuri ba. Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ke Ministan Lafiya, da taimakon UNICEF, rigakafi ya bunƙasa, har a 1990 aka ba da labarin an kai ga yara wajen takwas cikin goma. Daga nan masu taimako suka janye hannu, ma'aikatar Yaba ta tsaya a 1991, firji ya lalace a ɗakunan shan magani ba mai gyara. Da aka yi bincike a 2003, yara 13 kacal cikin 100 aka samu sun cika allurarsu a Nijeriya, nan Arewa kuwa abin ya fi haka muni.

A shekara ta 2000 aka kafa wata ƙungiya, Gavi, wadda ke tara kuɗi daga ƙasashe masu arziki ta saya wa matalautan ƙasashe magani da yawa a lokaci guda, don ya yi araha. Sharaɗinta shi ne, kowace ƙasa ta riƙa sa nata kason, yana ƙaruwa, har ta tsaya da ƙafarta. Irin wannan shiri Gwamnatin Kano ta ƙulla a 2012 da gidauniyar Ɗangote da ta Bill Gates. Aka buɗe asusu guda, kason Jiha yana hawa kowace shekara, na baƙi yana sauka. Mu a ganinmu wannan shi ne taimakon da ya san ciwon wanda a ke taimaka wa. A Yuli 2014 aka ga shan inna na daji na ƙarshe a Jihar Kano, a ƙasar Sumaila. Amma fa kada a ce an gama, gama mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022 Kano ya fi yi wa ɓarna, yawancin yaran da ya kama kuwa ba su cika allurarsu ba.

A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID, ta kuma ce ta dakatar da ba Gavi kuɗi. A taron da aka yi a Birasals cikin watan Yuni na shekarar, Gavi ta nemi dala biliyan 11.9, ta sami alkawarin tara da 'yan kai. Yarjejeniyar da Nijeriya ta yi da ita a 2018 kuwa, zuwa 2028 aka yanka mata wa'adi. Bayan nan nauyin yana wuyan Gwamnatin Tarayya da Jihohi, watau kuɗinku ke nan. Saboda haka in kun zo aka ce babu magani, kada ku koma gida shiru. Ku gaya wa mai unguwa da kansila da kwamitin lafiya na mazaɓarku.

Iyaye mata, ku riƙe ranakun nan. A kawo jariri da zarar an haife shi, sa'an nan yana mako 6, da mako 10, da mako 14, sai wata 9, sai wata 15. Magidanta, ko ana tsakiyar dashen shinkafa ne, ku ba su izini da kuɗin mota. A zo da katin yaro, kada a bar shi ya jiƙe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsargiya, da abin da ya sa ta ke kama yaran da ke wanka a hanyoyin ruwa.