Harsashi a Ƙarƙashin Kankare: Na'urar Gano Ƙarfe da Binciken Fagagen Yaƙi a Ƙasar Kano

Mutanen Kano sun san na'urar gano ƙarfe ta fuska biyu. Tun bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 ta zama abin da ake shafa wa mutum a jiki a ƙofar masallacin Juma'a da banki da makaranta. Samarin da suka bi ayarin masu neman zinare zuwa Jado, a arewacin Nijar, daga 2014 kuwa sun san babbarta, mai doguwar sanda da faifai a ƙasa. Akwai amfani na uku da ba mu waiwaya ba tukuna, wato karanta fagen yaƙi domin a san abin da ya faru a cikinsa. Hujjar wannan maƙala ita ce, na'urar ce mafi ƙanƙantar ɓangare a wannan aiki. Nauyin yana kan binciken da ake yi kafin a kunna ta da kuma rubutun da ake yi bayan ta yi ƙara, kuma birnin da ke cinye gonakinsa da sauri irin na Kano ba shi da sauran lokaci mai yawa na yin wannan bincike.

Ita kanta na'urar yaƙi ne ya raine ta. A 1941 wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera wadda soja ɗaya zai iya ɗauka don neman nakiyoyi, aka yi amfani da ita a El Alamein a 1942. Faifanta yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke binne ya amsa, sai ta yi ƙara. Ƙaramin abu kamar kwanson harsashi da wuya ta ji shi idan ya wuce zurfin santimita 30. Jar ƙasa da marmara irin tamu cike suke da sinadarin ƙarfe, suna ruɗa ta sosai. Kuma ba ta san tsoho da sabo ba: murfin kwalbar lemo na bara da kan kibiyar zamanin Sarkin Kano Aliyu Babba duk ƙara ce a wajenta.

Wurin da ya fara nuna wa masana abin da za a iya yi da ita shi ne Little Bighorn a Amurka, inda Lakota da Cheyenne suka gama da rundunar Custer a 1876. Gobara ta cinye ciyawar filin a 1983, sai Douglas Scott da Richard Fox suka shiga da masu na'ura a 1984 da 1985. Suka jera su sahu-sahu, duk inda aka ji ƙara a kafa 'yar tuta, a auna wurin a kan taswira kafin a taɓa ƙasa. Daga baya aka duba tabon da allurar kowace bindiga ke bari a gindin kwanso, kamar yadda 'yan sanda ke yi, har aka iya bin sawun bindiga guda daga wannan tudu zuwa wancan. Sakamakon ya nuna cewa 'yan ƙasar suna da bindigogi masu jeren harbi fiye da yadda aka zata, kuma sahun sojan Custer ya wargaje da sauri. Da kowane mai na'ura ya jefa abin da ya tsinta a aljihu, da an sami buhun tagulla kawai. A Ingila ma, yaƙin Bosworth na 1485 an daɗe ana nuna wa maziyarta wurinsa a kan tudun da ba nan aka yi shi ba. Sai da Glenn Foard da abokan aikinsa suka kwashe shekaru suna bin tsofaffin taswirori da sunayen gonaki da gurbin wata fadama da ta ƙafe, sannan a 2009 aka sami curin dalma na igwa a wani fili mai nisan kusan kilomita uku daga can.

Mu dawo gida. Wanda ya karanta cewa rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, idan mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ne, abin da zai fara zo masa shi ne ai ta ƙofar gidansu aka wuce, tunda ga Titin Zariya nan. Wannan shi ne kuskuren farko da bincike ke tsare mutum daga gare shi. Titin mota na yau daban, hanyar fatake ta wancan zamani daban. Rundunar, mai sojoji baƙar fata sama da 700 da manyan bindigogi huɗu da Maxim huɗu, ta Bebeji ta biyo, ta fasa ƙofar garin da igwa, sannan ta fuskanci ganuwar Kano ta kudu maso yamma. An fara gwada Ƙofar Dukawuya aka kasa, aka koma Ƙofar Kabuga aka shiga. Sarki Aliyu Babba yana Sakkwato a lokacin, Sarkin Shanu Muhammadu da aka bar wa gari ya mutu yana kare gidan sarki. Wanda ya kwashe wata guda yana yawo da na'ura a Gyaɗi-Gyaɗi don neman harsashin ranar, ya yi aikin baban giwa.

Me ya sa ma za a nemi harsashin, bayan an san wanda ya ci da wanda aka ci? Saboda kusan duk alƙaluman da muke maimaitawa daga bakin waɗanda suka ci suka fito. Rahoton Lugard da na hafsoshinsa an rubuta su ne don Landan, a lokacin da ake tuhumarsa da buɗe yaƙi ba tare da cikakken izini ba, bisa hujjar cewa Kano ta karɓi Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Mai rubutu a irin wannan hali yana da dalilin kambama ƙarfin abokin gaba. D.J.M. Muffett ya yi ƙoƙarin gyara ma'aunin a littafinsa na 1964, inda ya saurari dattawan da suka ga abin da idonsu, kuma Adamu Fika ya zurfafa a littafinsa na 1978 kan Basasa da mulkin Turawa. Amma dattawan duk sun riga mu gidan gaskiya. Shaidar da ta rage ba a yi mata tambaya ba ita ce ƙasa.

A ɗauki karon Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairun 1903, inda Waziri Ahmadu ya faɗi tare da jama'ar Kano da ke dawowa daga Sakkwato. Takardar lambar yabon da aka ba Laftanar Wallace Wright ta ce shi da hafsa ɗaya da soja 44 sun tare mahaya 1,000 da dakaru 2,000 na tsawon sa'a biyu. Dabarar Turawa a irin wannan wuri ita ce tsayuwa a murabba'i, kowa ya juya baya ga ɗan'uwansa. Kwanso kuwa a gindin mai harbi yake faɗuwa. Ke nan idan an dace da filin, kwansayen za su zana murabba'in a ƙasa, yawansu a kowace kusurwa ya nuna ta inda sukuwar ta fi ƙarfi, tazarar da ke tsakaninsu da ƙarafan linzami da likkafa ta faɗi iya kusancin da mahayan suka samu kafin su faɗi. A gindin kwanson akwai tambarin masana'antar da ta yi shi. Dalmar bindigar gargajiya kuma ba ta kama da ta Bature, don haka ana iya ƙiyasta yawan 'yan bindigar da ke ɓangaren Kano. Akwai son kai a cikin wannan shaida da dole a sani: tagulla da dalma suna jure damina ɗari, kan kibiya da na mashi kuwa baƙin ƙarfe ne, tsatsa ke cinye su. Mai binciken da bai lura ba, sai ya ga Bature ko'ina a filin, ya rasa Bakano.

To ina matsayin unguwannin bayan ganuwar Kano, irin su Tarauni, a cikin wannan? A ganina yana cikin Basasa, yaƙin da aka yi tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Yusufawa a Takai suka kafa sansani, Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Aliyu Babba ya gaje shi ya kawo yaƙin birni. Takai da Garko duka kudu maso gabas suke, kuma ƙasar da yau ake kira Tarauni da Unguwa Uku da Hotoro da Darmanawa, wadda a lokacin gonaki ce da ƙauyuka a bayan ganuwa, a wannan fuskar take. Wannan ya isa ya zama tambayar bincike: ta ina runduna mai dawakai masu yawa za ta bi, a wace rijiya ko kududdufi za ta shayar, a ina za ta yada zango kafin ta fuskanci ƙofa? Amsar tana warwatse a takardun ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Arewa House, da tsofaffin taswirorin safiyo da hotunan sama da aka ɗauka kafin gine-gine, da rubuce-rubucen ajami da Larabci a hannun iyalai, da bakin masu unguwanni da suka gaji sunayen gonaki da kufai. Sai an tace waɗannan an rage faɗin ƙasar zuwa 'yan filaye kaɗan sannan na'ura take da abin yi.

Matsalar ita ce filayen sun kusa ƙarewa. Duk wanda ya tsaya a wurin da ake sabon gini a bayan Court Road ko wajen Darmanawa zai ga yadda abin ke tafiya. Leburori suna haƙa harsashin gini da diga da shebur, zurfin ƙugu ko fiye. Santimita 30 na sama, inda duk abin da ya faɗi a ƙarni ɗaya da rabi yake kwance, shi ake fara kwashewa a tara gefe, tifa ta zo ta kai shi cikon wani kududdufi. Kafin tifar ta iso, yaro ɗan jari-bola ya riga ya bi tulin da maganaɗisun tsohuwar sifika ɗaure a igiya, ya ja, ya karkaɗe, ya zuba a buhu. Da yamma buhun ya hau sikeli, a biya shi kuɗin kilo, ƙarfen ya bi tirela zuwa masana'antar narkarwa. Ban ga laifin yaron ba, abincinsa yake nema, kuma idonsa ya fi na ɗalibai da yawa sanin bambancin tagulla da dalma da gorar ruwa. Abin da ke damuna shi ne babu wanda ya taɓa nuna masa yadda tsohon kan mashi yake, kuma babu inda zai kai shi a biya shi fiye da kuɗin kilo.

Za a ce, kuma da gaskiya, yaɗa labarin cewa akwai abin tarihi a ƙasa gayyatar ɓarayi ne. Mun ga yadda aka yi wa gumakan yumɓu na Nok da na Katsina da Sakkwato a shekarun 1990, aka rarake wurare aka kwashe zuwa kasuwannin Turai. Doka tana nan: Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba, ta kuma sa makamai da sulke na gida da aka ƙera kafin 1918 a cikin abin da take karewa. Sai dai doka mai hani kawai tana koya wa mai tsintuwa ɓoyewa. Ingila ta gwada wata hanya daga 1997, inda aka naɗa jami'ai a yankuna da mutum zai kai musu abin da ya samu a rubuta shi da wurin da aka same shi, mafi yawa kuma a mayar masa. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano ya ware babi kan tsintuwa da cigiyarta har shekara, da babi kan rikazi da humusinsa. Al'ummar da ta saba da cewa abin da aka tsinta yana da haƙƙi a kansa ba za ta sha wahalar fahimtar rajistar kayan tarihi ba, idan malamai suka shiga maganar.

Akwai abin da ya fi doka nauyi. Fagen yaƙi maƙabarta ce. A Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi ranar 27 ga Yulin 1903 tare da ɗaruruwan mabiyansa, da Giginya a Sakkwato, da Satiru da Haɗeja na 1906, mutanen da ke kwance a wurin suna da jikoki da suke ɗaukarsu shahidai. Binciken da ya dace a irin waɗannan wurare shi ne wanda ya tsaya a fatar ƙasa, da yardar sarauta da malamai da masu gonar, wanda kuma zai tsaya cak idan aka ga ƙashi. Haka nan, duk ƙarfen da ya yi kama da harsashin igwa ko gurneti ba na masanin tarihi ba ne. A Faransa da Beljiyam har yau manoma suna tono bama-baman yaƙin 1914 zuwa 1918 da ba su fashe ba, kuma suna kashe mutane. Irin wannan sai 'yan sandan kwance bam.

Abin da nake ganin zai yiwu ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello suna da ɗaliban da ke neman batun digiri. Gidan Makama yana da ma'aikata da wurin ajiya, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana Gidan Ɗan Hausa. A fara da taswira ɗaya da za ta ɗora hanyoyi da rijiyoyi da ƙauyukan 1890 zuwa 1903 a kan unguwannin yau, a ga filayen makarantu da na idi da gefen maƙabartu da har yanzu kankare bai rufe ba. A buga takarda mai hotunan kan kibiya da mashi da likkafa da tsohon kwanso a liƙa a wuraren da ake auna ƙarfe a Tarauni, da alkawarin biyan abin da ya fi kuɗin kilo ga wanda ya kawo ya kuma nuna inda ya samu. Gwajin farko da na'ura kuwa a kai shi inda takarda da baki suka riga suka yi ittifaƙi, kuma gona ta rage. A Kabuga tituna da gadoji sun gama da fatar ƙasar. Bebeji ta fi dacewa: an san ranar, an san garin da aka harba, kuma akwai gonakin da za a iya bi sahu-sahu bayan an cire amfani, kafin ruwan farko ya sauka.